Ɗinkin kayan mai jego: daga kafaɗa ake farawa

Tambaya: Sati 3 ke nan da na haihu, haihuwar fari, kuma aiki aka yi min. Ina da keke a gida, ina ɗan taɓa ɗinki. Kayana na da ba sa shiga ta, na goyon ciki sun yi min yawa, kuma duk rigar da na sa sai na kusa tuɓe ta kafin in ba yaro nono. Wane irin ɗinki zan yi wa kaina na zaman gida da 'yar fita kusa, da wane yadi, kuma yaya ake auna jikin da kullum canzawa yake?

Amsa: Barka da sauka, ƙanwata. Allah ya raya, ya ƙara miki lafiya.

Kafin ki ɗauki almakashi, ki san irin jikin da za ki yi wa ɗinki. Mahaifa kaɗai tana ɗaukar kusan sati 6 kafin ta koma girmanta na da. Naman ciki da ya saki ya fi haka daɗewa. Haƙarƙari ma buɗewa yake yi a lokacin ciki, kuma ba kowace mace ce nata ke komawa daidai yadda yake ba. Nono kuwa ko a yini guda ba shi da awo ɗaya, kafin yaro ya sha daban, bayan ya sha daban. Don haka duk rigar da kika yanka ta kama ƙugu ko ƙirji, kwananta ƙirgaggu ne. Wurin da bai cika canzawa ba a jikinki shi ne kafaɗa, kuma a nan za ki rataye rigar. Kamar labule ne: in sandar sama ta zauna daidai, yadin da ke ƙasa ko ya yi yawa kyau yake yi.

Yawancin masu ɗinka wa kansu a wannan lokaci suna auna ƙirji, su ga ya ƙaru da inci 4 ko 5, sai su ƙara girman rigar gaba ɗaya. Sakamakon shi ne wuya ya yi wawakeke, kafaɗa ta zubo kan damtse, hammata ta yi zurfi har rigar nono na leƙowa. Mace ta duba madubi ta ce ta lalace, alhali yankan ne ya lalace. Ki nemo tsohuwar rigarki wadda wuyanta da kafaɗarta suka zauna miki kafin ciki, ki shimfiɗa ta kan takarda ki kwafi wuyan da kafaɗar kamar yadda suke. Ramin hannu ki saukar da shi da rabin inci zuwa inci 1, ba fiye ba. Duk faɗin da kike buƙata a ƙasa da nan za ki zuba shi, da tattara ko da ninki a tsakiyar gaba.

Awon kansa yana da lokaci. Ki auna kafin ki shayar, lokacin da nono ya cika, kina sanye da rigar nonon da kike sawa kullum har da ƙyallen tare ruwan nono a ciki. Ki ɗauki awo biyu a ƙirji: ɗaya tef ya bi ƙarƙashin hammata ta saman nono, ɗaya ya bi ta inda ya fi cika. Na farko shi ke gaya miki girman kafaɗa da baya, na biyu shi ke gaya miki yawan yadin da gaba ke so. In yadin ba mai miƙewa ba ne, ki ɗora inci 4 zuwa 6 a kan na biyun. Ciki da ƙugu kuma a zaune za ki auna su, ba a tsaye kina shanye ciki ba. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, ke nan rabin rayuwarki yanzu a zaune take, kuma a zaune ciki ya fi faɗi. Rigar da ta yi daidai a tsaye tana iya shaƙe ki da kin zauna.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa da shi, wato tsawon gaba. Cikakken ƙirji yana cin tsawo kamar yadda yake cin faɗi. In kika yanka gaba da baya tsawo ɗaya, za ki ga gaban rigar ya ɗage, bayan ya zubo. Ki ƙara inci 1 zuwa 1 da rabi a tsakiyar gaba, ki zana shi ya lanƙwasa a hankali har ya haɗe da tsawon gefe.

Yanzu maganar buɗewa, wadda ita ce zuciyar tambayarki. Ga gwajin da nake ba kowa: ki zauna, ki rungume matashin kai da hannu ɗaya, ki buɗe rigar da ɗayan, sannan ki mayar ki rufe. Ki sauya hannu ki sake. In sai kin ajiye matashin kafin ki iya, rigar ba ta ci jarrabawa ba, komai kyanta. Yaro mai kuka ba ya jiran a kwance igiya, kuma da dare a cikin duhu za ki yi wannan aiki, ido rabi a rufe.

Mafi sauƙin ɗinki ita ce riga mai tsaga a gaba da maɓalli. Matsalarta ɗaya, mutane suna gajarta tsagar. Tsagar da ta tsaya tsakanin nono ba ta da amfani, sai kin ja yadin da ƙarfi, kuma kafin sati 2 ƙasan tsagar ya yage. Ki auna daga ramin wuyanki zuwa ƙarƙashin nono, ki ƙara inci 3. Ga yawancin mata wannan yana kaiwa inci 12 zuwa 14. Ki manna wa bakin tsagar ƙyallen gam da dutsen guga don ya yi ƙwari, ki bi ƙasanta da ɗinki sau biyu ko uku a gicciye, domin nan ne duk ja ke ƙarewa. Wajen jera maɓalli, ki fara sa ɗaya daidai inda ƙirji ya fi cika, sannan ki raba sauran sama da ƙasa. In kika fara jeri daga wuya, sau da yawa wurin da ya fi cika yana faɗowa tsakanin maɓalli biyu, sai rigar ta riƙa wangalewa a nan. Maɓallin dannawa ya fi na rami saurin buɗewa da hannu ɗaya, amma rufe shi yana son abin tokarewa a baya, ga shi yana yage yadi mara kauri in babu gam. Ƙananan maɓallai masu santsi kuwa ki bar su sai bayan yaye.

Wadda na fi so, kuma wadda zan ce ki fara da ita in hannunki ya ɗan faɗa, ita ce riga mai marfi. Ba zif, ba maɓalli. Bayanta guda ɗaya ne kamar kowace riga, gaban ne ake yankawa biyu. Na sama yana tashi daga kafaɗa ya sauko har inci 3 zuwa 4 ƙasa da nono, ki kalmashe bakinsa. Na ƙasa yana tashi daga gindin riga ya hau har saman nono, kusa da layin hammata, ki yi wa bakinsa na sama ƙubaka siririya ki zura roba mai laushi a ciki, ki ɗan ja ta kaɗan don ta kwanta a ƙirji. Sai ki ɗora na sama a kan na ƙasa, ki kama su tare a ɗinkin gefe kawai. Tsakiya ba a haɗe take ba. Idan yaro ya nema, ki ɗaga marfin, ki ja na ƙasan ƙasa da yatsa biyu, shi ke nan. Saman ƙirji a rufe, ciki a rufe, marfin kuma ya ɗan yi wa fuskar yaron inuwa. In ya gama, robar ce za ta mayar da komai. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ne. Abin lura biyu ne: kada marfin ya yi gajarta, domin da kin ɗaga hannu za ki ɗauko wani abu a sama zai bi ki, kuma kada robar ta yi tsauri. Duk abin da ke danne nono wuri ɗaya na tsawon lokaci, roba ce ko ƙarfen rigar nono ko matsattsen ɗinki, yana iya taimakawa wajen toshe hanyar ruwan nono. In kin cire riga kika ga layi ja ya kwanta a fata, to ta matse, ki sassauta. In kuma wani gefen nono ya yi tauri, ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi, wannan ya wuce aikin tela, asibiti za ki.

Zif a ɓoye ƙarƙashin ninki yana da kyau a rigar fita, ɗaya a kowane gefe, mai tsawon inci 8 zuwa 9. Amma haƙoransa a kumatun jariri suke ƙarewa, don haka dole a ɗinka masa ƙyalle mai laushi ta ciki ya rufe su. Siririn zif ɗin nan da ba a ganinsa ba a yi shi don a buɗe sau goma a yini ba, da wuri yake mutuwa, gara na roba gama-gari. Riga mai naɗewa, wadda gefe ɗaya ke hawa kan ɗaya a ɗaure, ana yawan yaba ta saboda tana bin jiki yadda ya canza. Gaskiya ne, sai dai da kin sunkuya ɗaukar yaro wuyanta ke buɗewa, ɗaurinta kuma hannu biyu yake so. In ita kike so, ki kama ƙasan a ɗinke ya zama saman ne kawai ke naɗewa, ki sa maɓallin dannawa ɗaya a inda suka gitta.

Sai ƙugu, kuma tunda aiki aka yi miki, nan ki natsu. Yankan tiyatar haihuwa yawanci a gicciye yake can ƙasan mara, daidai inda robar siket da ta wando suka saba zama. Fatar wurin tana ɗaukar kusan sati 6 kafin ta haɗe sosai, kuma ko bayan nan wata tana jin tsami ko ƙaiƙayi ko mutuwar wurin na watanni. A makonnin farko doguwar riga mara ƙugu ta fi komai, babu abin da ke taɓa wurin, iska kuma na shiga. In wando ko siket kike so, ki kai ƙugunsa sama da cibiya. Wannan yana nufin ƙara inci 2 zuwa 3 a tsawon hantsa ta gaba, har ma ta baya kaɗan don kada ya zame in kin zauna. Roba mai faɗin inci 1 da rabi ta fi siririya, domin siririya naɗewa take yi ta koma igiya ta nutse cikin fata. Ki zagaya ta a jikinki a inda za ta zauna, ki ja ta har ki ji ta kama ba ta matse ba, ki yanka a nan, kada ki bi lissafin kowa. Bayan kin zura ta, ki bi ƙubakar da ɗinki a tsaye a gefe biyu da tsakiyar baya don kada ta murɗe a wanki.

Dabarar da za ta cece ki daga sake ɗinki ita ce ki bar ƙofa a ƙubaka. Inci 1 ya isa, ta ciki, ki kalmashe bakinta kada ki rufe. Duk lokacin da ciki ya ragu sai ki zaro robar ta nan, ki rage ta, ki mayar. Aikin minti 5 ne. In za ki yi haka, ɗinkin hana murɗewa ki yi shi a wuri ɗaya kawai, nesa da ƙofar. Wata kuma ita ce roba a baya, zariya a gaba: ki ɗinka zariyar a bakin robar ta kowane gefe, robar na ba ki numfashi, zariyar na ba ki iko. Kullin dai ki kai shi gefe, kada ya zauna kan miki. Kuma na ƙasa ki zaɓi launi mai duhu, domin jinin haihuwa yakan kai sati 4 zuwa 6 yana zuwa yana ɗaukewa.

Yadi kuwa, abu uku za ki tambaye shi: yana shan ruwa, yana jure wanki, yana da laushi a fuskar jariri? Mai jego tana zufa fiye da kima, musamman da dare a makonnin farko, saboda jiki yana zubar da ruwan da ya tara a lokacin ciki, sinadaran jiki kuma suna sauka. Ga ruwan nono, ga tumbiɗi a kafaɗa. Auduga ce amsar. Tana shan danshi, tana sakin iska, tana ɗaukar ruwan zafi da guga. Yadin roba zalla kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, zufar tana tsayawa tsakaninsa da fata, kuma yana riƙe wari ko an wanke. In kina shakkar abin da aka sayar miki, ki yanki ɗan ƙyalle ki kusantar da shi ga ashana a kan faranti, nesa da yaro. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ƙwallo baƙi mai tauri. Yadin nan mai sanyi da zubowa da ake yi daga itace, wato biskos, yana da daɗi a jiki ƙwarai, amma yana shiga sosai a wanki, ba shi da ƙarfi in ya jiƙe, kuma yana zamewa a ƙarƙashin almakashi. Ba shi ne yadin da za ki fara da shi kina fama da rashin barci ba.

Ko wanne kika saya, ki wanke shi kafin ki yanka. Auduga tana shiga da kusan kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, wato rigar da tsawonta inci 50 ne tana iya rasa inci 2. Wankin kuma yana fitar da sitaci da ragowar rini, waɗanda ba kya so a bakin yaro, domin ki sani duk abin da kika sa sai ya tsotse shi. Ki goga yadin a cikin damtsenki ko a wuyanki, in ya yi miki kaushi a nan, shi ma zai yi masa.

A launi, yadi mai zane-zane ƙanana shi ne abokinki. Ɗigon nono a kan yadi mai launi ɗaya, musamman toka-toka ko shuɗi mai haske ko duk wani mai sheƙi, daga nesa ake hango shi. Baƙi yana ɓoye jiƙa amma yana tona tumbiɗi in ya bushe. Mai zane yana haɗiye duka biyun. In tabo ya samu, ruwan sanyi za ki fara sawa. Ruwan zafi dafa nonon yake yi a cikin zare ya kafe, kuma maiƙonsa ne ke dawowa rawaya bayan an ajiye riga. Ki ɗauraye da sanyi, ki goga sabulu, sannan ki wanke yadda kika saba, kada kuma ki sa dutsen guga a kan tabon da bai fita ba.

Yadi mai miƙewa irin na singileti yana da daɗi, kuma yana yafe kuskuren awo. In za ki ɗinka shi ki sa allura mai dunƙulallen baki, wadda ke ratsa tsakanin zare ba ta yanke shi ba, lamba 75 ko 80. Ɗinkin miƙe tsinkewa yake yi da an ja rigar, sai zigzag siriri. In kekenki miƙe kawai yake yi, kada ki wahalar da kanki, ki tsaya kan auduga mara miƙewa da allura lamba 80 ko 90, riga mai marfi tana fita da kyau a cikinta.

Aljihu ba ado ba ne a wurinki, hannu na uku ne. Ki yi biyu, masu zurfin da tafin hannunki zai shige har wuyan hannu, kamar inci 7 a faɗi da 8 a zurfi. Aljihun da aka ɗora a waje ya fi saurin ɗinki, sai dai ki ƙarfafa kusurwoyinsa na sama da ɗan ƙyalle ta ciki, in ba haka ba nauyin waya zai yaga rigar. Na cikin ɗinkin gefe ya fi kyau, amma a doguwar riga mai faɗi yana lilo yana bugun cinya, sai in kin kama samansa. A ƙirji kada ki sa komai, nan matashin yaro ne.

Hannun riga ya tsaya a gwiwar hannu ko ƙasa kaɗan. Yini za ki yi hannunki cikin ruwa, kuma faffaɗan hannu yana faɗawa bahon wanka, yana share fuskar yaro, yana kama marfin ƙofa. In dogo kike so, ki sa roba mai laushi a bakinsa yadda in kin tura shi sama zai tsaya. Tsawon rigar kuma kada ya share ƙasa. Da, in za ki hau bene, hannu ɗaya kike sawa ki tattare riga. Yanzu hannu ɗaya na riƙe da yaro, ɗayan na riƙe da ƙarfen bene. Ki tsayar da ita a saman idon sawu. Duwatsu, ƙyalƙyali, dogayen igiyoyi a wuya, duk ki ajiye su. Suna karce fata, kuma nan da wata 4 ko 5 zai fara damƙa yana kaiwa baki. Kowane maɓalli ki ɗinka shi da zare biyu, ki riƙa jan su kina dubawa bayan wanki.

Cikin riga ma a gyara shi, tunda kayan nan za su sha wanki fiye da duk abin da kika taɓa ɗinkawa. In babu keken wibin, wato mai naɗe bakin yadi da zare, ki yi ɗinki mai rufe kansa: ki haɗa yadin baya da baya ki ɗinka kusa da baki, ki datse, ki juya fuska da fuska ki sake ɗinkawa, bakin ya shige ciki. Ba zare mai zubowa, ba kaushi. Shafi kuwa, in yadin bai nuna jiki ba, ki bar shi. Zafi yake ƙarawa, yana jinkirta bushewa, kuma yawancin yadin shafi na roba ne, sai ya kashe amfanin audugar da kika saya.

Ragowar ƙyallaye kada ki zubar. Ki yanka da'ira mai faɗin inci 5 daga auduga mai laushi, ki jera uku ko huɗu, ki yi musu ɗan tsinin ninki daga baki zuwa kusa da tsakiya don su yi kwarmi su bi siffar nono, ki zagaye bakin da zigzag. Ga ƙyallen tare ruwan nono. Kada ki sa leda a tsakiya wai don kada ya ɓullo, danshin da ta tsare shi ke jiƙa kan nono har ya tsage. Da ya jiƙe ki canza. Wannan ne ma ɗinkin da ya kamata ki fara da shi don hannunki ya dawo.

Saura lokaci, wanda ba ki tambaya ba amma na san shi ne babbar matsalar. Ba za ki samu awa 3 a jere ba, kada ma ki jira su. Minti 15 zuwa 20 za ki riƙa samu, don haka ki yanka aikin daidai da su: yau wanki da guga, gobe yanka, jibi aljihu da tsaga, gata gefe da hannu. Ki zaɓi samfuri ɗaya ki yanka riga uku a lokaci guda, cikin yadin da zare launi ɗaya zai yi musu duka, kada ki ɓata mintocinki wajen sauya zare. Riga uku ko huɗu da na ƙasa biyu sun isa, ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye. Ba lokacin koyon sabon yayi ba ne.

Jikinki ma yana da haƙƙi a nan. A sati 3 bayan tiyata, kada ki ɗaga kan keke da kanki, a ɗora miki shi a tebur a bar shi a nan. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi a makonnin farko. In keken ƙafa ne, ki bari sai an duba ki an ce kin warke, domin taka shi da naman ciki ake yi ko ba ki lura ba. Yanka a tebur, ba a durƙushe a ƙasa ba. Kada ki wuce rabin awa a zaune ba ki miƙe kin ɗan taka ba, saboda a sati 6 na farko bayan haihuwa jini ya fi saurin daskarewa a jijiyar ƙafa, tiyata kuma tana ƙara haɗarin. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Allura da fil kuma kada su kusanci gado ko inda kike shayarwa, kada ki soka su a gaban rigarki ko ki riƙe su a baki yadda muka saba. Ki ajiye maganaɗisu kusa, ki bi ƙasa da shi duk in kin tashi.

Tsofaffin kayanki kuma ki raba su biyu. Na yau da kullum waɗanda kafaɗarsu ta yi miki amma ƙirji ko ciki ya ƙi, ki farke ɗinkin gefe daga gindi har cikin hammata, ki sa cuna mai faɗin inci 2 zuwa 3 a kowane gefe, da yadin da ya dace ko wanda ya saɓa da gangan. In kin tsaga gaban kin sa maɓalli, kin samu rigar shayarwa a zama biyu. Masu tsada da waɗanda kike ji da su, ki ninke ki ajiye, kada ki sa musu almakashi yanzu. Sai jiki ya tsaya, wata 6 zuwa shekara, za ki san wanda zai dawo da wanda za a gyara.

Kayan goyon cikin da kika ce sun yi miki yawa, su ma ba a yar da su ba. Rage riga ya fi ƙara ta sauƙi nesa ba kusa ba. Ki duba kafaɗarsu, in ta zauna, ki yanke tsawon da ya zubo a gaba, ki ɗinka ƙubaka a baya daidai ƙarƙashin ƙirji ki zura roba ko zariya ta tattare faɗin ta can, gaban ya sauka sumul. Sababbin da za ki ɗinka ma haka za ki yi musu nan gaba. Kusan wata 2 zuwa 3 bayan haihuwa nono yakan daidaita, cikar nan ta farko ta ragu ko da yaro na sha sosai. A lokacin ki sake awo, ki shiga ɗinkin gefe da rabin inci a kowane ɓangare, wanda ya ba ki inci 2 a zagaye, ki yi shi da dogon ɗinki mai saurin farkewa, kuma kada ki datse abin da ya rage a ciki sai kin sa rigar kwana biyu kin zauna kin shayar a cikinta.